Magini a Akwatin Sharhi

Litinin, huɗu da kwata na yamma

Tsohuwa, uwargidana, ta ce tunda na koma makaranta da furfurata, in nemi littafi in riƙa zuba masa abin da ke cina, kunnenta ya huta. To ga littafin. Shi ne wanda aka ba ni ranar da na yi ritaya daga gidan waya, bayan shekara talatin da biyar ina rarraba wasiƙun mutane. Ban taɓa rubuta komai a ciki ba sai yau.

Ajinmu na jami'a Asabar da Lahadi ne, na masu aiki da irina da aiki ya sallama. Suna ce mini Kakan Aji. A darasin rubutun Turanci Malama ta kawo wani tsari: kowa ya ɗora maƙalarsa a shafin aji na intanet, na'ura ta ɓoye suna ta manna lamba, ta raba wa kowa ta wani. Ka karanta, ka amsa tambayoyi shida, ka rubuta sharhi a wani akwati. Mai maƙala ya gyara, sannan ya miƙa wa Malama. Ta ce Turanci ba harshen uwar kowa ba ne a ajin, gara mu riƙa kama wa juna hannu.

Shekaranjiya kujerar 'Yar Kemis babu kowa. Yarinya ce mai aiki a shagon magani, kullum a layin gaba take, tana rubutu kamar ana binta. Jiya ma ba ta zo ba. Direba, wanda ke zama kusa da ni, ya ce sashe ne ya kira ta a kan maƙalarta. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta makon jibi. Ya ce ana iya korarta.

Kujerar baranda ƙafarta ɗaya tana rawa. Na naɗe takarda na cusa a ƙasa.

Talata, bakwai na safe

Ban buɗe kwamfutar ba.

Talata, biyar na yamma

Lamba sha bakwai ce ta faɗo mini a rabon wancan makon. Ban san ta wace ce ba. Wato ban sani ba irin sanin da ake sa hannu a kai. Maƙala ce a kan mutanen da ke sayen magani ba takardar asibiti, har da wata tsohuwa mai zuwa ta nuna launin ƙwaya da yatsa ta ce a ba ta irinta. A ajin mutum arba'in, su nawa ne suka san wannan tsohuwar?

Wanda ya yi aikin wasiƙa yana da wani kunne a ido. Nakan ga ambulan in san wanda ya rubuta adireshi ba shi ne mai maganar ciki ba. Sakin layi na ɗaya da na biyu muryar yarinya ce, tana tuntuɓe tana tashi, Turancinta da ƙura a ƙafa, amma nata ne. Na uku kuwa sai ga wani mutum ya shigo da kwat da takalmi mai ƙyalli. Ya yi magana layi tara ya fita. Yarinyar ta dawo ta ci gaba.

Shi ke nan abin da na gani. Ban ce na san wani abu ba.

Laraba, tara na safe

Ban buɗe kwamfutar ba. Na share tsakar gida, Tsohuwa ta biyo baya ta sake sharewa.

Alhamis, biyu na rana

Malama ta kira ni a waya, ta ce in ba damuwa in leƙo ofishinta. Sa'ar 'yata ta biyu ce. Ofishin ɗan ƙarami, fanka na juyawa tana ɗaga kusurwar takardu, an danne su da kofi. Ta miƙe ta ba ni kujera mai kyau ta ɗauki ta roba.

"Baba, sannu da hanya. Ya ƙafa?"

"Ƙafa tana nan, Malama, ita ce ta kawo ni."

Ta juyo da fuskar kwamfutarta wajena. Sharhina ne, da Turancina na gidan waya. Ga abin da na rubuta wa sha bakwai, in mayar da shi harshenmu:

Wani magini yana gina ɗakinsa da bulon da ya buga da hannunsa. Bulon ba su daidaita ba, amma suna riƙe juna. Da ya kai tsakiyar bango sai ya hango bulon maƙwabcinsa a jere, masu santsi, kowanne da tambarin mai shi. Ya ɗebi tara ya saka, ya shafe da siminti. Duk wanda ya wuce sai ya yaba bangon. Ana nan, ran nan da yamma, sai hadari ya fara haɗuwa a gabas.

A nan na tsaya. Haka kakata take yi mana muna yara. Takan kai labari bakin rami ta yi shiru, ta ci gaba da tsinke zarenta, mai laifi a cikinmu shi ne zai ji ƙasa ta zame masa. Ba ta taɓa kiran sunan kowa ba.

A ƙarƙashi ga amsar sha bakwai: Na gode ƙwarai, labarin ya yi daɗi, zan ƙara ƙoƙari.

Malama ta ce, "Baba, ni na gane labarin nan tun a bulo na tara. Layi tara ne cif aka ɗauko daga wani shafin lafiya, ba a faɗi mai shi ba. Abin da kwamiti zai tambaya ɗaya ne. Wannan gargaɗi ne?"

Na ce mene ne bambancin.

Ta ce dokar sashe a fili take. Ɗalibin da bai san ana ambaton mai magana ba, akan rage masa maki ya sake rubutawa. Wanda ɗan'uwansa ya ja masa kunne ya ƙi gyarawa, da gangan ya yi. Wannan sallama ce.

Na dubi fanka. Na ce mata fankar nan tana son mai.

Ta ce, "Baba, akwai kuma tambaya ta huɗu." Na ce ƙafata ta fara, zan dawo.

Juma'a, shida na yamma

Takardar da na cusa ƙarƙashin kujera ta lotse. Na ƙara wata.

Asabar, uku na rana

An yi aji. Kujerar 'Yar Kemis babu kowa, wani ya ɗora jakarsa a kai.

Lokacin hutu Direba ya matso. "Kaka, an ce wanda ya duba ta yarinyar nan tatsuniya ya rubuta mata. A ajin nan wa muke da shi mai tatsuniya?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Haba Kaka. Ni fa ka taɓa duba tawa. Na tambaya ko gabatarwata ta yi, aka ba ni labarin jakin da ya zagaya kasuwa sau uku. Kwana biyu ina tunani, ni ne jakin ko ni ne kasuwar?"

Na kusa da mu suka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Ba wanda ya faɗi mugun abu. Sai dai da Malama ta ce a buɗe shafi, wata a baya ta ce a hankali, "Allah ya sa kar tawa ta faɗa hannun Kaka." Kunnena na hagu ne ya mutu, na dama yana nan.

Yaran nan kuwa su ba sa jin nauyi. Wanda ya duba tawa ya rubuta: Gabatarwarka ta yi tsawo, cire rabinta. Haka, ba sallama ba sannu. Ranar na yini ina jin haushi. Na cire rabin. Ta fi kyau. Wannan ma na ji haushinsa.

Lahadi, takwas na safe

Ban je ba. Na ce wa Tsohuwa ƙafa ce. Ta dubi ƙafar ta dubi fuskata, ta ce, "Wace daga ciki?"

Litinin, sha ɗaya na safe

Na je sayen man shafawa na gwiwa. Akwai shagon magani a bakin layinmu. Na wuce shi, na hau mota, na sauka tasha ta biyar.

'Yar Kemis tana bayan kanta da farar riga, tana lissafa wa wata mata yadda za a ba yaro magani, safe da rana da yamma, ta zana layi uku a jikin kwalin. Da matar ta fita sai ta gan ni.

"Kaka! Ina kwana? Lafiya dai?"

Na ce gwiwa ce. Ta ɗauko man, ta ce in riƙa shafawa sau biyu, kar in sa a inda fata ta buɗe. Ta faɗa sarai, ta maimaita. Na tambaye ta karatu. Ta shiga goge saman kantar, wadda ba ta da datti.

Ta ce a makarantarsu ta sakandare malaminsu cewa yake, in ka ga Turanci mai kyau ka ɗauke shi yadda yake, kar ka ɓata shi da naka. Har kyauta ake ba wanda ya fi haddacewa. Ta ce ita ta ɗauka ado ta yi wa maƙalar. Ta ce shekara huɗu tana neman gurbin nan, babarta har ta gaya wa dangi.

"Abin da ya fi ci mini rai, Kaka, wanda ya duba mini. Da ya gani ai da ya faɗa. Labari ya ba ni mai daɗi, na magini. Na ce to, yabo ne, ana nufin in dage da gini." Ta ɗago kai. "Ko ba haka ba?"

Ta san ni ne. Na san ta sani. Na ce man nan nawa ne.

Hanyar dawowa ta yi tsawo.

Talata, bakwai na safe

Ban buɗe kwamfutar ba.

Laraba, biyar da rabi na yamma

Tun safe nake shirya abin da zan ce. Hanya biyu ce, duk na taka su a tsakar gida.

In na ce gargaɗi ne, na fita da mutuncina: tsoho mai hikima ya ja kunne, yarinya ba ta ji ba. Ita kuma ta kwashe littattafanta.

In na ce labari ne kawai, ban ga komai ba, ita ta tsira. Ni na zama tsohon da ke surutu a akwati, wanda ba sabon labari ba ne. Sai dai ƙarya ce, kuma Malama ta ƙirga bulon.

Na fi karkata ga ta biyu. Ƙarya ce ƙarama, mai tsabta, ba ta da ƙaya.

Alhamis, huɗu na yamma

Tsohuwa tana tsintar shinkafa a baranda. Na zauna na ce bari in ba ta wani labari. Na ba ta na magini, daga farko har hadari. Ban kai ƙarshen hadarin ba ta ajiye faranti.

"Wa ya ɗauki abin wani?"

Na ce ka ji, ashe labarin a fili yake.

"A fili a wurin wa? Malam, shekara arba'in da ɗaya nake karatun fuskarka. Da ka zo kan bulon nan muryarka ta sauka, ka shafa gemu, ka kalli ƙasa. Ko ba ka ce komai ba na san an yi ɓarna. Wa ka ba labarin?"

Na gaya mata. Duka, ban da tambaya ta huɗu.

"To ita me ta gani? Gemunka ta gani?"

Na ce akwati ta gani.

"Akwati." Ta ɗauki farantinta. "Kakarka da kake ta ambato, in ta yi shirun nan nata, ai tana zaune a gabanku tana kallo. In mai laifi bai motsa ba, gobe ta sake wani labarin, jibi ta kama kunnensa a bayan ɗaki. Kai ka ajiye rabin magana a hanya ka tafi gida ka sha shayi."

Na ce ban so in kunyata yarinya ba.

"Yarinya ba ta san wanda ke magana ba, kai ba ka ganin idonta. Kunyar wa ka tsare?"

Na sunkuya na duba ƙafar kujera. Ta ce kuma kujerar nan ƙusa take so, ba takarda ba, mako biyu ke nan tana kallona.

Juma'a, tara na safe

Na buɗe.

Tambaya ta huɗu cewa take: Shin akwai wurin da kake zaton an ɗauko daga wani ba a ambace shi ba? Akwai, ko Babu.

Babu na danna, tun ranar da na duba maƙalar.

Ga shi na rubuta. Na tuna ranar sarai, rana tsaka ce, na ɗora yatsa a kan Akwai na ɗauke. Na ce a raina wannan kalma ta yi kaifi, labari zai isar a hankali. Yarinyar ta duba ta ga an ce mata babu, sannan ta ga labari mai daɗi a ƙasa. Ni ma da haka zan fahimta.

Asabar, biyu na rana

Na je aji. Na ɗauke jakar da ke kan kujerarta na miƙa wa mai ita. Ya karɓa ya ɗora a cinya.

Litinin, shida na yamma

Na rubuta abin da zan faɗa. Shafi uku. Na fara daga kakata.

Talata, shida na yamma

Shafi ɗaya.

Laraba, shida na yamma

Na karanta wa Tsohuwa. Ta ce, "Cire rabinta." Ban san inda ta ji wannan ba.

Alhamis, uku da rabi na rana

Ɗakin taron sashe, dogon tebur, mutum huɗu da Malama a gefe. 'Yar Kemis a can ƙarshe da hannayenta a cinya. Shugaban Sashe ya gaishe ni da girmamawa, ya ce in zauna. Na ce tsayuwa ta fi mini.

Ya ce, "Baba, mun karanta sharhinka. Gargaɗi ne?"

Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ranka ya daɗe, a zamanin da muke yara, akwai wata tsohuwa..." Na ga Malama ta runtse ido. Na tsaya.

Na ce, "A yi haƙuri. Na ga layi taran nan tun karatun farko. Na san ba nata ba ne. Aka tambaye ni ko akwai, na ce babu. Na nufi gargaɗi a zuciyata, amma abin da ya isa gare ta ba gargaɗi ba ne. Ba a ja mata kunne ba. Ni aka ba aikin, ban yi ba."

Ban taɓa jin magana ta fita daga bakina tsirara haka ba. Sanyi na ji a baya.

Wani mai tabarau a cikinsu ya ce amma labarin a bayyane yake, ko yaro zai gane. Na ce shi ya karanta ne bayan an gaya masa akwai laifi. Na ce a tambayi Direba, har yau bai san ko shi ne jakin ba. Shugaban Sashe ya rufe baki da hannu, ya ce wane jaki kuma. Malama ta ce za ta yi bayani daga baya.

Ya tambaye ni ko na san cewa Babun nan da na danna laifi ne a kaina. Na ce shi ya sa na zo a tsaye.

Aka ce mu jira a waje. Benci ɗaya ne a barandar. Ta zauna a wancan bakin, ni a wannan. Mun daɗe.

"Kaka."

"Na'am, 'yar nan."

"Da ka ce mini cire, da na cire. Minti biyu."

Na ce na sani.

"Ni kullum sai na gaya wa mutane abin da ba sa so. Kar ka haɗa wannan da wancan, zai cutar da kai. Tsofaffi ma. Ba wanda ya mutu don na faɗa."

Na ce na sani. Ba ni da labarin da ya dace da wurin, ban kuma nema ba.

Juma'a, sha biyu na rana

Malama ta kira. Yarinya za ta sake rubutawa, an rage mata maki, gurbinta yana nan. Ni an soke makin sharhina gaba ɗaya, da takardar jan kunne a fayil. Shekara talatin da biyar a gidan waya ba a taɓa ba ni irinta ba, sai da na zo neman ilimi.

Ta ce za a kuma ƙara darasi guda a kan yadda ake ambaton mai magana, tunda da ta tambaya rabin aji ba su sani ba. Sannan sabuwar maƙalar sha bakwai ni zan duba, wannan karon da suna.

Na ce, "Malama, ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "Ina ji, Baba. Shi ya sa zan karanta bayanka."

Na sayo ƙusa.

Talata, huɗu na yamma

'Yar Kemis ta ɗora sabuwar maƙalar. Mutumin mai kwat ya tafi. Tsohuwa mai nuna launin ƙwaya ta samu fili, har ta yi magana. Yarinyar ta ɗauko layi ɗaya daga shafin lafiyar, ta faɗi mai shi.

Sai dai sakin layi na biyu maimaicin na farko ne. Da na gani, wani labari ya taso mini, na mai shago da ya sayar wa mutum hula ɗaya sau biyu. Kyakkyawan labari ne, wallahi. Na rubuta layinsa na farko. Na goge.

Na rubuta: Sakin layi na biyu ya maimaita na farko. Cire shi. Na uku shi ne mafi kyau, fara da shi.

Na daɗe ina kallonsa. Kamar na fita unguwa ba hula. Na tura.

Laraba, biyar na yamma

Amsa ta zo: Na cire, na gode. Amma Kaka, maginin nan, da hadari ya haɗu, yaya aka ƙare?

Na karanta wa Tsohuwa. Tana zaune a kujerar baranda, tana jijjiga ta da gangan ko za ta yi rawa. Ba ta yi ba.

Na rubuta: Wannan ba na akwati ba ne. Ki zo gida ranar Lahadi bayan aji, ki zo da Direba, akwai bayanin jaki.